Neman Wanda Zai Cinye Yaya Sambo

Tun da na dawo ba a bar ni na yi aski cikin natsuwa ba. Mutum zai zauna a tabarmata, in jiƙa masa kai, ina ɗora aska sai ya waiwayo: "Ɗanjuma, wai yaya ƙasar Faransa take? Wai ina ka baro mijin yayarka?" Shekaranjiya saura ƙiris in raba ladanin unguwarmu da kunnensa saboda irin wannan waiwaye. To, yau na rataye zabira, zan zayyana muku tun daga fita har komowa. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, alhali aska tana kansa, shi da kunnensa.

Kun san ni, wanzami ne ɗan wanzami, a nan Kazaure aka yanke cibiyata. Basirata ba ta wuce aska da ƙaho ba, amma Allah ya jarrabe ni da son masu ƙwaƙwalwa. Wasu dambe ke tsuma su, wasu kokawa. Ni kuwa in ga mutum ya yi shiru, ya ƙura wa ƙasa ido, can ya ɗago ya faɗi abin da bai taɓa zuwa kan kowa ba, wannan ya fi mini naman Sallah. Shi ya sa ranar da Malam Sambo ya auri yayata Hajara na fi amarya murna.

Yaya Sambo Bafulatanin gari ne, siriri, maganarsa ba ta da yawa, kuma tun da ya yi wayo ba a taɓa cinye shi a dara ba. Abin ya kai har mutane suka daina zama da shi. Da an hango shi ya nufo gindin tsamiya, sai a share gurabe da ƙafa, kowa ya tuna da wani aiki da ya baro a gida. Shi kuwa ya koma ya huce a kan iyalinsa. Miya ta yi gishiri, tabarma ta karkace, har kaji sai da ya yi wa faɗa wai tafiyarsu ba tsari.

Ana cikin haka wani bafatake mai kanwa ya sauka a kasuwa, ya ji ana yabon Yaya, ya yi dariya. Ya ce can gaba da Babura, in an tsallaka ƙasar Faransa, akwai wani tsoho Babarbare, Malam Bukar, idonsa ma ya kusa tafiya, amma darar Kazaure a wurinsa wasan 'yar tsana ce.

Da aka kawo wa Yaya maganar, sai ya miƙe tsaye. "Babarbare? Bawana ne fa! Ɗanjuma, ɗaura wa jaki akumari."

Hajara ta ce ba zai tafi shi kaɗai ba, don mutum ne da in tunani ya kama shi sai ya wuce ƙofar gidansa bai sani ba. Na ce zan raka shi, amma da sharaɗi: sai mun biya ta Roni da Gwiwa, inda na daɗe ina jin labarin wasu malamai biyu. Ya ce, "Ƙanin mata, gabas za mu, kana ja na yamma?" Na ce, "Yaya, ko dai yamma da ni, ko gida da Hajara." Ya zaɓi yamma.

Bayan an gama ɗaure dawa muka fita, da jaki ɗaya. Mun yi yarjejeniya za mu riƙa karɓa-karɓa, amma kafin mu bar duwatsun Kazaure ya bayyana mini cewa tunani ba ya zama a kan mai tafiya a ƙasa. Daga nan ban sake ganin bayan jakin nan ba sai daga baya.

A Roni muka sauka a zauren Malam Isyaku, masanin manɗiƙi, wato ilimin auna magana. An ce alkalai ma ba sa so ya zo kallon shari'a, don in ya yi tambaya ɗaya sai mai ƙara ya manta abin da ya kawo shi. Gajere ne, mai fara'a. Yana ganin zabirata ya cire rawani ya ce Allah ne ya kawo ni. Na jiƙa kai, na fara daga gefen dama, ina ta murna, yau ga hannuna a kan irin wannan kai.

Ya ce, "Wanzami, gashin nan ɗaya da ka fara cirewa, ka aske ni ke nan?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"In ka ƙara ɗaya fa?"

"Da saura."

"To wane gashi ne, in ya faɗi, za a ce an yi aski? Nuna mini shi in gode masa."

Na yi tunani har gumi ya tsatso mini, na ce, "Na ƙarshe ne, Allah gafarta."

"Madalla. Ashe sauran duk wahalar banza ce. Fara da na ƙarshen, ka huta, in huta."

Na tsaya da aska a sama ina neman na ƙarshen. Wallahi da gaske na nema. Shi kuwa ya bar ni a nan ya juya wurin Yaya Sambo, ya tambaye shi abin da ya fito da shi. Yaya ya ce, cikin irin kunyar nan ta Fulani wadda rabinta alfahari ne, ai ba a taɓa cinye shi ba.

Malam ya ce, "Allah Sarki. To ta yaya ka san kai gwani ne?"

"Ai na ce ba a taɓa cinye ni ba."

"Na ji. Rijiyar da guga bai taɓa taɓa ƙasanta ba, abu biyu ne. Ko zurfi gare ta, ko igiyoyin garin ne gajeru."

Ban taɓa ganin an sauke wa Yaya girman kai irin na ranar ba. Ana cikin haka aka kira azahar. Malam ya naɗa rawaninsa a kan rabin aski, ya shige gaba ya ja mu salla. Da muka dawo na ce a bari in ƙarasa, ya ce a'a, a bar shi haka har sai mun warware mas'alar. Muka ci dambun zogale da man shanu, muka kwana, da safe muka yi sallama. Iya sanina har yau kan Malam Isyaku yana jira na.

Daga Roni muka yi arewa zuwa Gwiwa, wurin Malam Ɗahiru mai hisabi. Shi ne ake nema in gado ya rikice, shi ke duba taurari ya ce ga lokacin shuka. Amma abin da ya fi shahara da shi, bai yarda a tambaye shi abu ɗaya sau biyu ba. Komai na gidansa ya kafa masa doka: in kaza ya faru, a yi kaza, in bai faru ba, a yi kaza. Ko yana nan ko ba ya nan, gida yana tafiya kamar yana zaune.

Ba mu same shi ba, ya tafi rabon gado wani ƙauye. Ƙaninsa Tanko, wani dattijo mai gemu, ya yi mana shimfiɗa ya kawo ruwa. Muka sha, muka jira. Shiru. Yunwa kuwa ta ci ta cinye, don tun dambun Roni ba mu sa komai a ciki ba. Da na ga abin ba na ƙare ba ne, na yi gyaran murya na ce, "Baba, garin naku kuwa ana dama fura?"

Ya ce, "Ana damawa. Ga ta can ma a rufe. Sai dai dokar Malam ita ce, baƙon da ya zo kafin azahar, fura. Wanda ya zo bayan la'asar, tuwo. Ku kuwa a tsakani kuka zo, Malam bai faɗi naku ba."

"To mu fita mu sake shigowa bayan la'asar?"

Ya yi nazari ya ce, "Wannan ma bai faɗa ba."

Da Malam Ɗahiru ya dawo ya ji abin da ya faru, na zaci zai ba mu haƙuri. Ina! Sai ya tafa hannu, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da ɗa namiji. "Ɓaraka! Shekara da shekaru dokar nan tana aiki, ba wanda ya faɗa ramin nan sai ku. Allah ya yi muku albarka!" Ya zauna ya rufe ido, mu kuma cikinmu yana kiran ciroma, can ya yanke hukunci: wanda ya zo a tsakani, a haɗa masa duka biyun. Haka muka kwankwaɗi fura, muka bi ta da tuwon dawa miyar kuka, har na kasa durƙusawa in yi godiya.

Shi Malam Ɗahiru ba ya buga dara, ya ce hannunsa bai saba da ƙasa ba. Amma ya sa Yaya ya yi ta bugawa da mutanen gari yana kallo. Da za mu tafi sai ya kira ni gefe ya ce, "Wanzami, kai ne ka fi kowa rashin iyawa a nan?" Na ce ni ne. Ya ce to ni yake so. Ya koya mini wata waƙa da ya tsara, kowane baiti doka ne: in ya dasa a tsakiya, dasa a kafaɗarsa, in ya matso dama, toshe hagu, in ya ba ka ci a gefe, ƙi, duba bayansa. Ya ce, "Kada ka yi tunani. Tunaninka ne ke kayar da kai. Bi waƙa kawai."

Yaya ya saurari waƙar har ƙarshe, ya daɗe yana shafa gemu, sa'an nan ya ce, "Mutumin nan ya ɗura dara a cikin gora. Wannan waƙa za ta cinye rabin Kazaure." Tun da nake da shi, ranar na fara jin ya yabi wani.

Muka juyo gabas ta wajen Yankwashi. A hanya muka ratse wata ruga neman nono. Yaya ya gyara malafa ya ce in yi shiru, nan gidansu ne. Ya yi gaisuwa da Fillanci, wata tsohuwa ta yi murna ta saki baki. Abin da ba ta sani ba, Fillancin Yaya iyakarsa gaisuwa. Duk abin da ta faɗa sai ya gyaɗa kai ya ce, "Jam, jam," wato lafiya lau. Can na ga tsohuwa ta ɓata rai ta janye ƙwaryarta. Ashe labari take ba shi na saniyarta da kura ta kashe. Da ƙyar na gyara da Hausa, na yi wa mijinta gyaran fuska, aka ba mu nonon.

Babura gari ne na kan hanya, kowane irin mutum akwai. Ga Buzaye da raƙuma, ga masu kanwa da gishiri, ga Barebari, ga mutanen Damagaram. Muka sauka a gidan wani fatoma, mai saukar da fatake, wanda ya rantse mana ɗakinsa ba ƙwaro ko ɗaya. Gaskiya ya faɗa, ba ɗaya ba ne. Da safe muka fito muna susa kamar masu ƙazuwa. A kasuwa kuma Yaya ya tsaya kallon wasu masu dara, tunani ya ɗauke shi, wani raƙumi ya miƙo wuya ta bayansa ya cinye rabin malafarsa bai ji ba.

A nan na gwada waƙar Gwiwa. Na zauna gaban wani mahauci, ina motsa baki a hankali ina bin baiti, na cinye shi. Na cinye wani mai gishiri. Na cinye fatoman namu, na rama cizon da aka yi mana. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa gwanin Kazaure ya iso, ana nuna ni, ana kawo mini tsire. Wani har ya dubi Yaya, da guntuwar malafa a kansa da igiyar jaki a hannu, ya ce mini, "Malam, mai jakin naka ya ci abinci kuwa?" Na ce a ba shi ko ƙashi ne, yana da ƙoƙari. Kallon da Yaya ya yi mini har yanzu in na tuna sai na yi dariya.

Kuna ta tambayata yadda iyaka take. Na zaci zan ga ganuwa, ko kogi, ko aƙalla ƙasa ta sake launi. Ba komai sai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, da rumfa a gefensa. Geron nan shi ne na can. Na ga kaza da idona ta yi kiwo a ƙasar Ingilishi ta koma ta yi ƙwai a ƙasar Faransa, ba wanda ya tambaye ta takarda.

Mu kam an tambaye mu. A rumfar akwai ɗan duwan, wato mai binciken kaya, Bahaushe kamar mu, da gajeren wando da jar hula. Ya dubi Yaya ya ce, "Mushe, daga ina?"

Yaya ya waiwaya ya ga ko akwai wata matacciyar dabba a bayansa. Babu. Ya ce, "Ni kake ce wa mushe? Ka ji ina wari ne?"

Sai da wani matafiyi ya shiga tsakani ya ce a can girmamawa ce, haka ake kiran manya, har Baturensu ma Mushe ne. Na ce lalle ƙasa ƙasa ce. A Kazaure ka kira dattijo mushe, a gaban alkali za ku ƙare.

Ɗan duwan ya zazzage kayanmu, ya juya ƙahona, ya shinshina sabuluna, har ya kai ga 'yar jakar fata da Yaya ke zuba duwatsun dararsa. Yana buɗewa sai idonsa ya yi haske. Ashe mayen dara ne, kuma duk wanda ya san hanyar ya san ba a wucewa sai an buga da shi. Yaya ya raɗa mini, "Ban iya faɗuwa ba. In na zauna da shi, a ɗaure za mu kwana. Je ka, ka bari ya cinye ka."

Na ce to. Amma a zuciyata na ce, ni gwanin Babura guda? Sai dai a ɗaure mu. Na zauna, na shirya baitin farko. Mutumin nan ya ɗauki tsinkensa ya dasa a can kusurwa, inda ko mahaukaci ba ya fara dasawa. Na laluba waƙa daga farko har ƙarshe, babu baitin kusurwa. Ya sake dasa wani a ɗaya kusurwar. Malam Ɗahiru ya shirya ni don masu hankali, bai faɗa mini abin da zan yi ba in aka yi wauta. Na daskare kamar Tanko a gaban fura. Da na ga ba sarki sai Allah, na koma ga tunanina, tunanina kuwa ya yi abin da ya saba. Ɗan duwan ya share ni tas, ya tashi yana taka rawa a rumfa, ya ba mu hanya, har da guzurin wani burodi dogo mai tauri wanda na fara dogarawa kafin a ce mini ci ake yi.

Yaya ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka iya faɗuwa, ƙanin mata. Kai ka ce da gaske ne." Na ce ai baiwa ce.

Ƙauyen Malam Bukar yana kan hanyar Magarya. Muka same shi a gindin wata gawo, dogon tsoho mai zane a fuska, idanunsa a ƙanƙance, yana lalubar sandarsa. Aka ce masa ga baƙi daga Kazaure. Ya ɗaga hanci ya shaƙi iska ya ce, "Ina jin ƙaurin man shanu. Wane ne ya kawo mini bawa Bafillace?"

Yaya ya ce, "Ubangijinka ne ya zo duba dukiyarsa. Na ga an bar ka ka tsufa ba a sayar ba."

Jama'a suka fashe da dariya, don kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Aka sauke mu a zaurensa. Abinci kuwa burabusko ne da miyar yakuwa da nama, sai fura safe da rana, don mutanen can fura ce uwar abinci. Bayan kowane ci a kawo shayi a wani ɗan kofi kamar na wasan yara, mai ɗaci kamar maɗaci, kuma wai in ka ƙi na biyu ka yi rashin ladabi.

Washegari aka haƙa gurabe. Yaya da duwatsu, Baba Bukar da tsinkaye. Jama'a, na ga dara. Ba hayaniya, ba buga cinya irin tamu ta gindin tsamiya. Tsohon sai ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya lalubi gurbi, ya tambayi na kusa da shi, "Nan ne na ajiye ɗazu?" sa'an nan ya motsa. Amma duk inda Yaya ya nufa sai ya tarar an riga shi. Su kulle juna, ba mai motsin kirki, a share a sake. Kwanaki aka yi haka, canjaras bayan canjaras. Mutane suka fara zuwa daga ƙauyuka, masu tallan gyaɗa suka kafa kasuwa. Ni da na fito ina fatan in ga ranar da za a kayar da Yaya in samu abin tsokana, sai ga ni ina addu'a a ɓoye kada Kazaure ta ji kunya.

Ranar kasuwarsu, bayan la'asar, aka yi wasan da kuke ta jin jita-jitarsa. An yi nisa, kowa ya ci na kowa, sai Baba Bukar ya ɗauki tsinke, hannunsa yana rawa, ya lalubi ƙasa, ya ajiye shi a gurbin da ke kusa da wanda kowa ya zaci zai ajiye. Wurin ya ɗauki salati. Ko ni na ga kuskuren: ya buɗe wa Yaya ci a fili. Wani a bayana ya ce, "Wayyo, idon ne."

Yaya ya dubi gurabe. Ya daɗe, har inuwar gawo ta matsa daga kanmu. Sa'an nan ya naɗe hannuwansa ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Bawana, hannunka ya zame. Ɗauke ka sake."

Tsoho ya ce, "A'a. Abin da hannu ya ajiye ya ajiyu."

"Ban taso tun daga Kazaure don in cinye ciwon ido ba. Kai na zo cinyewa. Ɗauke."

"Na ce a bar shi! Dokar dara ce."

"Jama'a, ku ne shaida. In na ci wannan, me zan faɗa a gida? In ce na yi wa makaho ƙwace?"

Nan fa wuri ya kaure. Dattawan garin suka sa baki: "Malam Bukar, karɓi mutunci. Baƙon nan ɗan halak ne." Liman ya ce rabon da ya ga irin wannan kara tun zamanin iyayensa. Ni kuwa hawaye ne suka zubo mini, na ce a raina ashe haka Yaya yake, ni ne ban san shi ba. Tsoho ya yi ta ƙi har jama'a suka fi ƙarfinsa. Ya ɗauke tsinkensa yana gunaguni da Barbarci, ya ajiye a inda kowa ya zata tun farko. Kafin magariba Yaya ya cinye shi.

Aka yi ta yi mana barka. Da safe da za mu tafi, tsoho ya rako mu har bakin gari, ya riƙe hannun Yaya ya ƙi saki. Na ji ya ce masa a hankali, "Ɓarawo." Yaya ya ce, "Makaho mai ganin tsoka." Suka yi dariya har suna riƙe juna. Na ɗauka wasan Fulani da Barebari ne kawai.

Sai da muka wuce dutsen iyaka na ce, "Yaya, na yi maka shaida. Samun mai tausayinka sai an tona."

Ya ce, "Wane tausayi? Ɗanjuma, tsohon nan ya fi ni da kai gani. Ba ka lura ba, in an ajiye akushi, hannunsa bai taɓa kuskuren tsoka ba? Lalube-laluben nan duk tarko ne, don a raina shi a yi garaje."

"To kuskuren fa?"

"Ba kuskure ba ne. In na ci abin da ya ba ni, ya kafa doki, wato jerin nan da duk motsin da ya yi sai ya ci. In na ƙi ci, ya kafa shi ta ɗaya gefen. Na duba gabas, na duba yamma, ba ƙofa. Ya cinye ni, ƙanin mata. A kan gurbi ya gama da ni sarai. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce makantar da ya ara. In ya ƙi ɗaukewa ya ce da gangan ya ajiye, ya gaya wa garinsu ke nan cewa shekara da shekaru yana gani."

Na tsaya a tsakiyar hanya baki buɗe. Na ce, "Ashe hawayena a banza na zubar?"

Ya ce, "Sun taimaka ƙwarai. Liman yana ganinsu ya sa baki."

Abin mamaki, mutumin da ke ba da labarin an cinye shi, fuskarsa kamar ango. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa yi masa abu mai kyau irin wannan tsinke ba. Daga nan kuma ya daina magana. Duk inda muka ya da zango sai ya haƙa gurabe, ya jera wasan yadda yake, ya zauna yana kallo. A Babura fatoma ya gaishe shi bai amsa ba. Na sa masa tuwo a gaba, ya gutsura ya dasa a gurbi.

Mun kusa Yankwashi, har na fara jin ƙanshin gida, sai ya yi tsalle ya diro daga kan jaki. Ya durƙusa a tsakiyar turba ya tona ƙasa da yatsa, ya motsa dutse ɗaya baya, ba gaba ba, ya yi kabbara. "Ga ta! Ɗanjuma, ga ƙofar! Duba!" Na duba. Ban ga komai ba sai ƙasa da tsakuwa, amma tsigar jikina ta tashi, na taya shi kabbara.

Ya haye jaki ya juya kansa gabas.

Na ce, "Yaya, gida fa nan ne."

"Sai na nuna wa tsohon nan. In na bari ya mutu yana zaton ba amsa, Allah zai tambaye ni."

"Me zan ce wa Hajara?"

"Ka ce ina tafe."

Haka na shigo Kazaure a ƙasa, ba jaki, ba miji, sai zabira da guntun burodin Faransa. Na shirya wa faɗan Hajara, amma ta saurare ni har ƙarshe, ta tashi ta ci gaba da aikinta.

Ran kasuwar da ta wuce, bafataken nan mai kanwa ya yi sallama a ƙofar gidanta, ina nan. Ya ce Malam Bukar ya aiko shi da gaisuwa, kuma ya ce a gaya wa wanzami amsar Bafillace ba ta yi ba, ya toshe ta tun kafin shayi ya huce. Yanzu Bafillacen yana can gindin gawo yana neman wata. Shi kuma Malam Sambo ya ce a aika masa da bargo.

Hajara ta shiga ɗaki ta naɗo bargo, ta haɗa da yaji da daddawa, ta ba ni in miƙa wa bafataken. Sa'an nan ta ɗaga murya daga bayan zana ta ce, "Malam, ka gai da Babarbaren nan. Ka ce masa in ji ni, don Allah ya riƙe wuta, kada ya yi saurin bari a cinye shi. Kajina sun fara ƙiba."